Cittar Mama Martina da Kwalbar Dogon Bature

A shekarar 1997, a bayan kasuwar Kafanchan, akwai wani ɗaki mai shuɗin fenti da ƙungiyar manoman citta ke kira ɗakin gwaji. A cikinsa akwai na'ura ɗaya, kwamfuta ɗaya, fanka mai kuka, da wani kabad na gilashi da ba a taɓa gani a buɗe ba. Na'urar kyauta ce daga wasu masu sayen citta na ƙetare, waɗanda suka gaji da karɓar kaya mai ɗauke da maganin ƙwarin da aka hana. Wani Bature ne ya kawo ta, ya haɗa ta, ya sha kunu ya yaba, ya koma ƙasarsu. Ba wanda ya iya riƙe sunansa, sai ake ce masa Dogon Bature. Tun daga ranar, duk abin da hannunsa ya taɓa ya zama kamar kayan bagadin coci: a goge, a nuna wa baƙi, kada a yi tambaya.

Mai riƙe da makullin kabad ɗin shi ne Oga Meshak, tsohon malamin kimiyya na sakandare, mutum mai ƙiba da kirki, wanda ya yi imani cewa duk abin da bai yi hayaƙi ba lafiyarsa lau. Shamsiyya, Bafulatana daga wajen Zangon Kataf, ita ke kunna kwamfuta da buga takardun shaida. Sai kuma Regina, sabuwar ma'aikaciya, wadda ta karanta ilimin sinadarai a jami'a a Zariya, ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida da zafinta. Aikin da Oga ya ba ta shi ne daka citta a turmi da tace manta a 'yan kwalabe.

"Kowa da matakinsa, Madam Digiri," in ji shi duk lokacin da ta nemi ganin littafin na'urar. Littafin ma yana cikin kabad, kusa da wata 'yar kwalba da aka toshe bakinta da narkakken gilashi.

Haka muke a ƙasar nan. A ba mu fitila, mu saya mata mayafi don kada ƙura ta taɓa ta, mu ci gaba da laluɓe a duhu muna alfahari da cewa fitilarmu sabuwa ce fil.

Ranar Litinin aka gwada cittar da ta zo daga Kwoi. Duk suka wuce lafiya, sai guda ɗaya da allon kwamfuta ya rubuta da jan rubutu cewa akwai maganin da aka hana. Shamsiyya ta duba sunan da ke jikin kwalbar, ta ɗago ta dubi Regina.

"Reji, ba yayar mamanki ba ce wannan? Martina?"

Ita ce. A gonarta Regina ta tashi, ta san matar nan ba ta sa wa citta komai sai ganye da toka. Dokar ƙungiya kuwa ba ta da kwana: wanda aka kama da maganin, a kira sunansa a gaban taro a kore shi, kuma buhunsa ba ya ƙara hawa motar ƙungiya. Taron kuma ranar Asabar ne a Kwoi.

Kafin azahar labari ya kai ga Ciyaman Nelson, shugaban ƙungiya, wanda ke yawo da babur mai ɗauke da tuta. Ya shigo yana girgiza kai irin na mai baƙin cikin da ya yi masa daɗi.

"Mama Martina! Shugabar zumuntar mata! Kai, duniya. Amma inji ba ya ƙarya, ba shi da ɗan'uwa."

Washegari Mama Martina ta iso da kanta a motar farko, ta zauna a bencin ƙofar ɗakin, ta ajiye jakarta a cinya. Gajera ce, hannuwanta sun yi kaushi da wankin citta, kuma ba ta ɗaga murya sai a waƙar sujada.

"Regina, yarinya na, zo ki gaya mani. Injin ku ya ce na yi me?"

Regina ta tsuguna a gabanta. "Mama, bari in gaya miki yadda yake aiki. Ki ɗauka ranar kasuwa ce. Mata biyu sun ɗauko kaya masu nauyi ɗaya. Ɗaya ta ƙunshe nata ta ɗora a ka, ɗaya kuma dogayen itace ne a gicciye. Aka sake su daga wannan ƙofar kasuwa zuwa waccan. Wa za ta riga fita?"

"Mai ƙunshi mana. Mai itace sai ya yi faɗa da mutum goma kafin ya fita."

"To haka na'urar take yi. Tana ɗaukar ƙwayoyin da ke cikin man citta, ƙanana da ido ba ya gani, ta ɗora musu cajin lantarki, ta tura su cikin wani bututu mai cike da iska. Iskar ita ce jama'ar kasuwa. Ƙwaya mai faɗin jiki tana yawan cin karo, sai ta makara. Siririya kuwa ta wuce da wuri. A ƙarshen bututun a auna nauyin kowace. Sai manhajar kwamfuta ta duba lokacin da kowace ta ɗauka, ta lissafa faɗinta, muna ce masa faɗin karo. Daga nan ta tambayi jerin sunayen da ke cikinta: mai wannan nauyi da wannan faɗi, wace ce?"

"Ehen."

"A cikin citta akwai wani abu da nauyinsa ɗaya da na maganin nan. Faɗi ne kawai ya raba su. Na citta shi ne mai itace, maganin shi ne mai ƙunshi."

Mama Martina ta tauna maganar. "Wato injin ya ga mai itace, ya ce mai ƙunshi ne."

"Abin da nake zargi ke nan."

"To ki gaya masa ya sake duba. Ni ba zan tsaya a gaban mata na ranar Asabar a kira ni mai sa guba ba. Ubangiji ya sani, amma mutanen Kwoi ba su jiran Ubangiji kafin su yi magana."

Da Regina ta koma ciki, ta tarar da Shamsiyya tana atishawa, hawaye na zuba.

"Wallahi cittar mamanki ba ta da mutunci. Tunda kika daka ta jiya hancina bai huta ba. Irin wadda ta sa mu kuka bara ke nan, ta mutumin nan da aka kora. Zamani sunansa."

Regina ta tsaya cak. Citta iri biyu ake nomawa a wajen. Akwai tafin giwa, mai kauri da launin rawaya, wadda kusan kowa ke shukawa don ta fi cika buhu. Akwai kuma yatsun biri, siririya, mai duhu, mai yajin da ke hawa kai. Mama Martina yatsun biri take nomawa tun tana amarya.

"Shamsi, Zamani yatsun biri yake nomawa?"

"Ni na sani? Ni dai hancina ya ce iri ɗaya ne."

"Kuma ban da su biyun, an taɓa kama wani?"

"Ko ɗaya."

Abin nan mai nauyi ɗaya da maganin ya fi yawa a man yatsun biri, Regina ta san wannan. A tafin giwa ƙila bai kai yawan da na'ura za ta kula da shi ba. Saura dalilin da ya sa na'urar ke ganinsa siriri.

Da safiyar Laraba ta ƙi zuwa wajen turmi. Ta tsaya a bayan Shamsiyya tana kallon yadda ake kunna manhajar. Allo ya yi baƙi, ya yi kore, ya kawo tambaya. Shamsiyya ba ta ko duba ba, ta danna babban maɓalli. Wata tambayar ta fito, ta sake dannawa.

"Tsaya! Me ya tambaye ki?"

"Gaisuwarsa ce ta safe. Kin ga takarda." Ta nuna wata 'yar takarda da aka manna da salatif a ƙasan allon, ta yi ja saboda tsufa. Da hannun Dogon Bature aka rubuta cewa a danna maɓallin sau biyu. A ƙarƙashi Oga Meshak ya ƙara da nasa hannun: KADA A TAƁA.

Regina ta sa aka kashe aka sake kunnawa. Tambayar farko kan zafin bututu ce, kuma wannan na'urar ke riƙe da shi da kanta. Ta biyun kan matsin iska ce. A gefenta akwai lambar da manhajar ke ɗauka in ba a ba ta wata ba: 760.

Ta dubi lambar har sai da Shamsiyya ta taɓa ta.

"Reji, lafiya? Kin ga aljani?"

"Na ga teku."

Ɗari bakwai da sittin matsin iska ne na bakin teku, inda aka ƙera na'urar. Bututun kuwa da matsin iskar ɗakin da yake ciki yake aiki. Kafanchan a kan tudu take, iskarta ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Wato kasuwar ba ta cika yadda kwamfutar ke zato ba. Kowa yana wucewa da sauri, mai itace ma yana wucewa da sauri, ita kuwa kwamfuta tana cewa lallai wannan siriri ne tunda ya ratsa cunkoso haka.

Oga Meshak ya iso lokacin shayi tare da Ciyaman Nelson, wanda ya zo karɓar takardar da zai karanta ranar Asabar. Mai hankali zai jira Ciyaman ya tafi. Regina ba ta jira ba.

"Sa, na'urar nan tun ranar da aka kawo ta take ba da lambar ƙarya. Kowace safiya tana tambayarmu matsin iskar Kafanchan, mu kuma muna ce mata muna Legas. Duk abin da ya shiga cikinta, ramar da shi take yi."

"Ramarwa?" Oga ya shafa cikinsa. "To ai sai ku saka ni."

Ciyaman ya yi dariya har da dukan tebur. Shamsiyya ta ɓoye fuska a mayafi.

"Ba wasa nake ba, Sa."

"Madam Digiri, wanda ya ƙera abin nan ya fi ni da ke sani. In da lambar ba daidai ba ce, da bai bar ta ba."

"Bai bar ta don ta zauna ba, ya bar ta ne don ya gwada mana yadda ake kunnawa, yana sauri ya kama jirgi! Tambaya ce take yi. Wa ya taɓa ganin an amsa tambaya da salatif? Mun kori mutum bara, za mu kori wata ranar Asabar, kuma ba wanda ya taɓa karanta abin da ke kan allon nan. Mun iya gogewa, mun iya rufewa da zane, mun iya ɗaukar hoto da shi. Karantawa ce kawai ta gagare mu!"

Ciyaman ya gyara hula.

"Oga, ashe yarinyar 'yar ƙanwar Martina ce ko? To, an gane."

Fuskar Oga ta ɗaure. Regina ta ga ta yi ɓarna, amma bakinta bai iya komawa baya ba, sai ta nufi rishon da ke kusurwa inda butar shayin Oga ke shirin tafasa. Ta ɗauko ma'aunin zafi daga aljihun tebur, ta buɗe butar ta tsoma.

"Sa, a nawa ruwa ke tafasa?"

"A ɗari. Na koyar da wannan tun ba a haife ki ba."

"Ka koyar da ni ma. A aji uku na ga casa'in da bakwai, na rubuta, ka soke da jan biro ka ce in daina rubuta abin da idona ya gani in ina son cin jarrabawa."

"Kuma kin ci."

"Na ci. Zo ka duba."

Ruwan ya tafasa, tururi na tashi. Oga ya sa tabarau ya sunkuya. Jan layin ya hau ya wuce casa'in da bakwai da kaɗan, ya tsaya kamar jakin da ya ga gada.

"Bai gama tafasa ba."

Suka jira. Rabin ruwan shayin ya ƙone. Layin bai motsa ba.

"Ma'aunin ya lalace."

Regina ta ɗauko na biyu. Ta ɗauko na uku, wanda ke cikin kwalinsa tun zuwan Dogon Bature. Duka suka tsaya wuri ɗaya.

"Dukansu sun lalace," in ji Oga, amma muryarsa ta yi ƙasa.

"Oga," in ji Shamsiyya a hankali, "su ukun haɗa baki suka yi?"

"Ruwa yana tafasa a ɗari ne in iska ta danne shi da ɗari bakwai da sittin," in ji Regina. "A nan ba ta kai ba, shi ya sa yake tafasa da wuri. A bayan littafin da ka koyar da mu da shi akwai jadawali, ka duba, zai ba ka wajen ɗari bakwai, ko ƙasa da haka kaɗan. In kuma ba ka yarda da buta ba, ga shaida can." Ta nuna kabad. "Kwalbar nan an san abin da ke cikinta, an rubuta faɗin karonsa a jikinta. Don wannan aikin aka bar mana ita. A fasa, a saka, mu ga ko na'ura za ta ba da abin da aka rubuta."

Oga ya ja da baya har ya tare kabad ɗin da jikinsa.

"A fasa? Guda ɗaya ce tak! In Dogon Bature ya dawo, me zan nuna masa?"

"Ya ce zai dawo?"

"Ya ce sai wata rana."

"Sa, mai sayar da tsire ma haka yake ce mani."

"Regina, ki koma turminki."

Ciyaman ya karɓi takardarsa ya ninke ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya gai da Mama Martina, wadda ta sake dawowa bencinta, da ladabi mai yawa. Ita kuma ta amsa da ladabin da ya fi nasa.

Ranar Alhamis Regina ta daka citta da ƙarfin da ya sa masu shagon makwabta suka leƙo. Da ta fito shan iska, Mama Martina ta miƙo mata gyaɗa.

"Na ji muryan ki jiya har kan titi. Haka maman ki yake, in ya yi gaskiya sai ya hau kan rufi da shi."

"Mama, ke za a kora fa."

"Na sani. Ci gyaɗa. In kin gama, ki sake shiga ki tsaya inda zai gan ki."

Regina ta shiga ta tsaya kusa da kabad har aka tashi. Oga ya yi ta karanta tsohuwar jarida, bai juya shafi ba.

Ranar Juma'a da safe ya shigo sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci, har da laktaye a wuya. Ya ajiye jaka, ya zauna, ya tashi, ya goge tabarau.

"Jiya da na koma gida," ya ce yana kallon fanka, "na ɗauko ma'aunin da nake da shi tun ina koyarwa. Nawa na kaina, ba na ƙungiya ba. Na tsoma a tukunyar Hellen." Hellen matarsa ce. "Ta tambaye ni ko zazzaɓi ne ya kama doya."

"Nawa ya ba ka, Sa?"

"Ba ki da kunya." Ya ciro makulli daga aljihun kwat. "Yara nawa na soke wa amsa a rayuwata, Allah kaɗai ya sani. Shamsiyya, kira Mama Martina ta shigo. Ba za a fasa abin nan ba shaida ba."

Kabad ɗin ya ƙi buɗuwa sai da aka ɗiga wa makullin man gyaɗa. Oga ya ɗauko kwalbar da hannu biyu kamar jariri. Ya ce sai an yi addu'a. Ya yi tasa doguwa, ya sa har Dogon Bature da iyalinsa a ciki, ya rufe da sunan Yesu. Shamsiyya ta yi bisimilla ta ce tata ta isa haka, kada abin cikin kwalba ya tsufa. Oga ya naɗe wuyan kwalbar da hankici, ya rufe ido, ya karya.

Ƙarar ba ta fi ta karya ashana ba. Ya buɗe ido yana mamakin rufin ɗaki bai faɗo ba.

Regina ta raba ruwan gida biyu. Aka fara da yadda aka saba, Shamsiyya ta danna maɓalli sau biyu. Lambar faɗin karo ta fito. Oga ya kara fasasshiyar kwalbar kusa da allo, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ta allon ta gaza ta kwalbar, kuma ba da kaɗan ba.

"Ta ramar da shi," ya ce.

Aka sake kunnawa. Da tambaya ta biyu ta fito, Shamsiyya ta ɗaga hannu daga maɓallan ta matsa gefe.

"Zo, Madam Digiri, yau ranarki ce."

Regina ta buɗe tsohon littafin Oga, wanda ya zo da shi a jakarsa, a shafin jadawali, ta sa shi ya karanto lambar da bakinsa, ita kuma ta buga. Aka saka rabi na biyu. Lambar da ta fito ta zauna daf da ta jikin kwalbar, kamar 'yan biyu.

Regina ta ɗauko sauran man cittar Mama Martina ta saka. Suka jira, fanka na kuka. Allo ya cika da koren rubutu daga sama har ƙasa, babu ja ko ɗigo.

"Ya ce me?" in ji Mama Martina.

"Ya ce mai itace ce, Mama."

"To. Sannu da ganewa." Ta dubi na'urar sama da ƙasa. "Babban abu haka, sai an tafasa masa ruwa."

Oga ya zauna da nauyi. Can ya ɗago. "Regina, tsaya. In tana ramar da kowa, shi maganin na gaskiya fa? In da akwai shi a buhun wani?"

"Shi ma ramar da shi za ta yi, Sa. Ya fi yadda yake a jerinta siranta, ta ce ba ta san shi ba, ta bar shi ya wuce."

"Wato..."

"Wato ba ta taɓa iya kama mai laifi ba. Masu gaskiya kawai take kamawa."

Ya ciro hankici ya goge wuya. Sannan, don hali ba ya mutuwa a yini ɗaya, ya yanko sabuwar takarda, ya rubuta sabuwar lambar da manyan baƙi, ya fara neman salatif.

"Sa, me kake yi?"

"Don kada a manta."

"Matsin iska yana sauyawa da yanayi. Kullum sai an auna."

"Kullum? Kullum sai an ƙona mani shayi?"

"Ko ƙungiya ta sayi ma'aunin matsin iska."

"Shayin zai fi sauƙi," in ji Shamsiyya, ta zare salatif ɗin daga hannunsa ta jefa a jakarta.

Ranar Asabar aka taru a wani ajin firamare a Kwoi, manya a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Babura sun cika gindin mangwaro. Matan zumunta sun zo da yawansu, sun zauna a bayan Mama Martina ba mai murmushi. Ciyaman Nelson ya buɗe da addu'a, ya zaro takardarsa, ya gyara murya. Oga Meshak ya miƙe kafin ya fara.

"Ciyaman, ka mayar da takardar nan aljihu. Ni na sa mata hannu, ni kuma na janye."

Aka fara gunaguni. Oga ya ɗaga hannu irin na malamin da ya saba da aji.

"Jama'a, bincike mai zurfi da muka gudanar a ɗakin gwaji a ƙarƙashin jagorancina ya nuna cewa na'urarmu ta ɗauka a bakin teku take."

Regina, da ke tsaye a jikin taga, ta buɗe baki. Shamsiyya ta taka mata ƙafa.

"Ba a gaya mata an kawo ta kan tudu ba," Oga ya ci gaba. "Ta yi ta tambaya, ba mu amsa ba. Wadda ta ji tambayar ga ta can, Regina, ɗalibata ce, ni na koyar da ita, ko da yake ba ta ji duk abin da na koya mata ba, kuma gara da ba ta ji ba. Cittar Mama Martina ba ta da komai sai yaji."

Matan zumunta suka ɓarke da guɗa. Wata ta ɗauko waƙar godiya, sai da Ciyaman ya yi ta buga tebur.

"To, to, mun gode wa Ubangiji," ya ce, yana tura takardar can ƙasan aljihu. "Ni dama zuciyata ba ta kwanta ba. Magana ta wuce. Abu na gaba..."

"Bai wuce ba." Mama Martina ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane. "Ciyaman, da za ka kira suna na da babban murya a ce na sa guba. Yanzu ka kira shi da wannan muryan, ka ce ban sa ba. A ji har wajen masu babur."

Ciyaman ya dubi Oga, Oga ya dubi silin. Ciyaman ya kira sunan, ya faɗa.

"Ban ji ba. Na tsufa."

Ya sake faɗa, har wani kare ya yi haushi a waje.

"Yauwa. Saura Zamani. A aika masa yau, ba gobe ba. Mutum ya yi shekara yana sayar da citta a ɓoye kamar ɓarawo."

Aka amince da wannan ba gardama, har wani ya tashi ya tayar da babur.

"Akwai abu ɗaya kuma," in ji Oga. "Tunda na'urar ba ta iya ganin maganin na gaskiya a da, duk wanda ya taɓa wucewa sai an sake gwada nasa. Kowa da kowa, daga Litinin."

Guɗar ta tsaya. Wasu maza a bencin baya suka fara nazarin takalmansu. Wani ya tambaya ko ba za a iya mayar da tsohuwar lambar ba, tunda an saba da ita. Regina ta juyo za ta amsa, Shamsiyya ta sake neman ƙafarta, amma wannan karon Regina ta janye da wuri.

"An saba da ita! Shi ya sa..."

"Regina, zauna," in ji Mama Martina. "Kin riga kin ci." Ta juya wajen tebur da fara'a. "Ciyaman, kai ne babba. Naka za a fara ranar Litinin, mu bi bayan ka."

Ciyaman ya ce ai wannan ba komai ba ne, ya nemi ruwan sha.

Da aka tashi, motar ƙungiya na tsaye a bakin hanya ana lodi. Buhunan Mama Martina suna gefe guda inda aka ware su tun Litinin, an zana musu jan gicciye da fenti. Ta je ta tsaya a kansu, ta kira masu lodi, ta ce nata kaɗai ne na'ura ta gani da idonta biyu, don haka su za su fara hawa. Suka ɗaga na farko, yajin ya bugi hancinsu, suka hau atishawa. Ba ta matsa daga wurin ba sai da na ƙarshe ya shiga.